Wargi Wuri Yaka Samu: Tarihin Kalmomin Wasa da Raha a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Masu iya magana na ƙasar Sakkwato kan ce wargi wuri yaka samu. Watau ba a yi wa mutum wasa sai an ga fuska, kuma maganar da za ta sa a fashe da dariya a wannan zaure ita ce za ta sa a zare takobi a wancan. Abin da ya tuna mana da wannan karin magana shi ne rubuce-rubucen da 'yan'uwa masu tasowa suke kawowa a duba musu. Sau da yawa za ka tarar duk inda aka yi dariya a cikin labari marubuci ya ce an yi barkwanci, duk inda wani ya taɓa wani kuma ya ce cikin zolaya. Mun taɓa karanta wani labari inda amarya ta yi wa uban mijinta ba'a a gaban baƙi, kowa ya dara, aka ci gaba da hira. Da muka tambayi mai labarin, sai ya ce ai nufinsa ta yi masa 'yar raha ce. To, ko rahar ma da sauran magana, balle ba'a ga suruki, wadda a ƙasar Hausa sai an tara dangi an ba da haƙuri.

Saboda haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin waɗannan kalmomi, domin kowace daga cikinsu tana ɗauke da labarin wanda aka yarda ya faɗe ta da wanda aka yarda a faɗa wa. Mun zaɓi ƙasar Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato ta zama madubinmu, don kuwa da wuya a sami wurin da ya fi ta tara mutanen da suka yi yaƙi da juna jiya, suka wayi gari suna cin kasuwa ɗaya.

Ƙasar da Mutanenta

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega. Kebbe kuwa tana kudu da ita, wajen Gulbin Zamfara, kuma a shekarar 1996 aka cire ta daga Tambuwal ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, wannan yanki ya zama kamar harshe tsakanin haƙora, Kabi ta yamma, Zamfara ta gabas. Amma wannan zama na tsakiya ya girmi jihohin nesa ba kusa ba.

A farkon ƙarni na 16, wajen shekarar 1516, Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Sanwai, ya kafa daular Kabi, ya gina birninsa a Surame. Daga baya ƙarfin Kabi ya ja baya, Zamfara ta yunƙuro. A tsakiyar ƙarni na 18 kuma Gobirawa a ƙarƙashin Sarkin Gobir Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alkalawa, Zamfarawa da yawa suka gangaro kudu. A duk tsawon wannan lokaci Fulani suna kiwo a fadamun gulbi, masunta suna su, fatake suna ratsawa. Har yanzu sarautu suna ba da shaidar wannan cuɗanya, ga Sarkin Burmin Jabo a ƙasar Tambuwal, ga Sarkin Mafaran Gummi a maƙwabta, ga Sarkin Kabin Yabo da Sarkin Kabin Jega. Mutanen da suka fito daga tsatso daban-daban haka, kowa da tsohon miki a zuciya, dole su nemi hanyar da za su riƙa faɗa wa juna magana mai zafi ba tare da jini ya zuba ba. Hanyar da suka samu ita ce wasa, ko wargi a bakin mutanen yankin.

Taubasantaka, Uwar Wasanni

Asalin abin daga cikin gida ya faro. Ɗan mace da ɗan namiji, watau 'ya'yan wa da ƙanwa, su ne taubasai, kuma al'ada ta ba su damar su ce wa juna abin da suka ga dama. Wannan ya ce shi ne ubangida, wancan ya ce ƙarya ne. Idan watan Muharram ya kama, lokacin cika-ciki, sai a bi juna ana neman kuɗin shara. Haka kaka yake kiran jikarsa matata, tsohuwa ta kira jikanta angona, ƙanin miji kuma ya addabi matar wansa. A ɗaya gefen kuma ga kunya, wadda ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta sa suruki ya kauce wa surukinsa a hanya. Wanda bai san inda kunya take ba, ba zai san inda wasa yake ba, domin iyakar ɗaya ita ce mafarin ɗaya.

Daga cikin gida sai aka ɗauki wannan ma'auni aka auna garuruwa da shi. Labarin baka na Kabi ya nuna cewa mahaifiyar Kanta 'yar Sarkin Katsina ce. Ke nan Bakabe ɗan mace ne, Bakatsine ɗan namiji, kuma a nan aka jingina wasan da ke tsakaninsu har gobe. A ce Bakatsine ya sauka kasuwar Tambuwal da kayansa, ya hango wani dattijo mai tsagen Kabawa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai bawana, ina kifin da na aike ka?" Dattijon ba zai ko ɗaga kai ba zai amsa, "Wanga yaro yunwa ta koro shi, ku ba shi tuwon shinkahwa shi ga abin da ba a gani garinsu." Kowa ya yi dariya, a ƙarshe ma wataƙila a gidan dattijon baƙon zai kwana. Da wani ne can da ba abokin wasa ba ya kira dattijon nan bawa, da maganar ta kai gaban alƙali. Kalmomin ba su sauya ba, bakin da ya faɗe su ne ya sauya.

Irin wannan ne ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Katsinawa da Nufawa. Ya shiga sana'o'i, kamar mahauta da Fulani, da maƙera da Buzaye, har ya kai ga makafi da kutare. Wani wasan an ce aure ne ya kawo shi, wani kuma yaƙi ne da aka gaji da shi aka mai da shi abin dariya. Ba mu kaɗai ke da shi ba. Fulani suna ce masa denɗiraagu, mutanen Mali suna ce masa sanankuya. Wani masanin al'adu na Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kansa a 1940, inda ya fassara shi da rashin ladabin da al'ada ta ba izni, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Jamhuriyar Nijar a cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana.

A wannan fage ne kalmomi uku suka sami gindin zama. Tsokana ita ce taɓa mutum don ya tanka, ita ce buɗe fage. Zolaya kuwa akwai 'yar yaudara a cikinta, a gaya maka abin da ba haka yake ba da fuskar gaskiya, sai ka hau ka zauna a fashe da dariya, shi ya sa wanda ya yi shakkar labari kan ce, "Zolayata kake yi?" Ba'a ta fi su kaifi, domin ita tana kama wani abu ne a jikin mutum ko halinsa ko garinsu ta mai da shi abin dariya. Tsakanin taubasai ba'a gishiri ce. Da zarar ta fita daga wannan da'ira, taki ɗaya ya rage ta zama cin fuska.

Abin da Malamai Suka Ƙara

A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da jama'arsa, wanda ba shi da nisa da wannan yanki. Wannan na daga cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A 1805 aka ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu, aka gwabza a Alwasa. Bayan ƙura ta lafa, ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ya zauna Tambuwal, garin ya zama ribaɗi mai tsaron wannan sashe, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Tambuwal da Dogon Daji. Kabawan Argungu ba su miƙa wuya ba. Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, aka yi ta fafatawa, in ban da ɗan sararin da aka samu na Lafiyar Toga daga 1867, har zuwan Turawa.

Zaman malamai da ɗalibai a irin waɗannan garuruwa ya ƙarfafa wasu kalmomi da Hausa ta aro daga Larabci, kuma abin lura shi ne yawancinsu na ɓangaren sanyi ne. Raha a Larabci hutu ce, a Hausa ta zama hira mai daɗi wadda ba a cizon kowa a cikinta. Nishaɗi daga kalmar kuzari ya fito, fara'a kuma daga farin ciki. Malamai suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa amma ba ya faɗin kome sai gaskiya, suna kuma jan kunne da aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili ko su jefe su da miyagun laƙubba. Da haka aka sami ma'auni na biyu a kan na al'ada. Al'ada tana tambaya, wa ya faɗa wa wa? Malami kuma yana tambaya, gaskiya ce ko ƙarya, kuma an ƙasƙanta wani ko ba a ƙasƙanta ba?

Izgili shi ne ƙarshen iyaka ta wannan ma'auni. Mai izgili yana dariya ne daga sama, yana ganin ya fi wanda yake yi wa, shi ya sa Bahaushe ke tsoron izgili ya komo kan mai shi, kamar wanda ya yi wa mai lalura dariya. Ba a cewa abokan wasa suna yi wa juna izgili, ko da maganarsu ta kai ina. Akwai kuma kalma ɗaya da ta yi tafiya ta ban mamaki. Shaƙiyyi a Larabci shi ne taɓaɓɓe, marar rabo. Da ya shigo Hausa sai ya sami sassauci, ya zama ɗan duniyan nan mai iya shege wanda ake zagi ana dariya. Idan tsohuwa ta ce wa jikanta, "Kai dai shaƙiyyi ne," ba tsine masa ta yi ba, ta ji daɗin abin da ya yi ne ba ta son ta nuna.

Fada, Kasuwa da Tsakar Gida

Inda sarauta take, nan 'yan sarki suke, kuma inda 'yan sarki suke ba a rasa hamayya. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo da Sa'idu Faru da Musa Ɗankwairo, ba yabo kaɗai suka iya ba, rabin aikinsu shi ne rage wa abokin hamayyar ubangidansu tsawo. Makamansu biyu ne. Zambo shi ne a siffanta mutum da muni, a kamanta shi da wata dabba ko a zana tafiyarsa da rawaninsa yadda kowa zai gane shi. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa, ba a kama suna, ba a yi siffa, amma mai abin ya san da shi ake. Wanda ya tanka habaici ya tona kansa, shi ya sa ake cewa wanda ya tsargu shi ya sani. Mutane suna dariya idan an yi zambo, amma babu mai kiran zambo wasa, domin makaɗi da gaske yake, kuma akwai 'yan sarkin da suka yi kyautar doki don kawai a cire su daga waƙa.

A fadar kuma akwai wawan sarki, mutum ɗaya tilo da aka yarda ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. A kasuwa akwai 'yan kama, masu kwaikwayon malamai da wa'azinsu amma duk maganar a kan tuwo da miya take, da 'yan gambara masu baki kamar reza. Idan azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe, su kwaikwayi tsoho da gwauro da mai rowa, manya suna ba su hatsi suna dariya, alhali da su ake. Duk waɗannan an ba su wuri ne, ko wuri na sana'a ko wuri na lokaci. Yaron da ya yi wa gwauro waƙa a daren azumi, in ya kuskura ya maimaita ta bayan salla zai sha bulala.

Tsakar gida ma da nata. Shaguɓe da gugar zana makaman kishiyoyi ne, a yi magana da kaza ko da yaro alhali da mai ɗakin can ake. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi, kamar uwa ta ga yaro yana wasa da kwanon miya ta ce masa, "Yawwa, kifar da shi ka huta." Baƙar magana amsa ce mai toshe baki. Sa'an nan ga santi, wanda da wuya a sami takwaransa a wani harshe, watau daɗin abinci ya kwashe mutum ya saki zancen da ba shi da kai, a yi ta yi masa dariya har shekara. Duk waɗannan sunaye ne daban domin ayyuka ne daban, kuma mutumin ƙauye da bai taɓa shiga aji ba ba ya rikita su.

Zuwan Turawa da Ƙamus

A ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Razdan na farko, Manjo Burdon, ya sa malamai sun rubuta labarai da tatsuniyoyi da ajami, waɗanda suka shiga cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A ciki akwai labaran ban dariya masu yawa a kan ƙabilu da masu sana'a. A nan irin wannan zance ya bar zaure ya hau takardar ɗab'i, kuma a nan ya rasa wani abu. A zaure kowa ya san mai ba da labarin abokin wasan waɗanda yake taɓawa ne. A takarda kuwa babu fuska, babu tsage, mai karatu ba ya sanin bakin da maganar ta fito.

Sai kuma masu ƙamus. Schön ya fitar da nasa a 1876, Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa mai kalmomi wajen 39,000 a 1934, Abraham ya biyo baya a 1949. Bargery ya yi ƙoƙari ƙwarai, har yakan nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato ko Katsina. Amma aikin ƙamus mai harshe biyu shi ne ya nemo wa kalma ƙawa a wani harshe, kuma Turanci ya raba nasa kalmomin ne a kan wani tsari dabam, da nasa tarihin. Kalmar humour, alal misali, asalinta ruwan jiki ne a Latin, irin ɗabi'o'i huɗun nan da malaman ɗibbu suka sani, jini da majina da safara'u da sauda'u, daga baya ta koma nufin halin mutum, sa'an nan ta koma ban dariya. Kalmar banter, wadda ta fi kusa da abin da taubasai ke yi, a 1710 marubucin nan Jonathan Swift yana ƙorafi a kanta cewa maganar 'yan tasha ce da ke ɓata harshe. Ɗan makarantar da ya buɗe ƙamus ya ga an jera masa wasa da ba'a da barkwanci a gaban kalmar Turanci guda, sai ya ɗauka duk abu ɗaya ne, ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗin ji. Daga nan ɓarnar ta faro.

Marubutan farko ba su faɗa wannan rami ba, domin kunnensu a zaure ya girma. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, ya san abin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya wuce raha, shaƙiyanci ne da ramuwar gayya, kuma daɗin littafin yana cikin yadda marubucin ya san matakin da kowace ƙeta ta taka.

Daidaitacciyar Hausa da Akwatin Rediyo

Aikin Hukumar Talifi a Zariya, da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, duk sun taru sun ɗora rubutu a kan karin Kano. An sami amfani mai yawa, amma an yi hasara. Yaron Sanyinna ko Kuchi da ya tashi yana jin wargi a bakin kakarsa, da ya shiga makaranta sai aka nuna masa wasa ne daidai, wargi kuwa sai a karin magana, ko a ce wane ba ya wargi.

Rediyo da talbijin suka zo da nasu. Samanja na Usman Baba Pategi, da wasannin Kasimu Yero, da Karkuzu, sa'an nan finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014, sun mai da ban dariya sana'ar da ake yi wa dubban mutanen da ba a sani ba. Ana bukatar suna guda da za a kira wannan sana'a da shi, sai barkwanci ya ɗauki rawanin. Da can barkwanci zance ne na ban dariya da mai hikima kan saka a cikin hira. Yanzu ya zama buhu, ana zuba masa tashe da taubasantaka da zambo da labaran ƙabilu, har ma da zagi tsirara. Da wayar hannu ta zo, abin ya ƙara faɗi. Yaro ya ɗauki hoton kansa yana kwaikwayon maganar wata ƙabila ko tafiyar mai lalura, ya watsa wa duniya, in an yi magana ya ce ai barkwanci ne. Kakanninsa da sun gaya masa sunan abin, izgili.

Ba ƙaramin abu ne ke cikin haɗari ba. Rikicin 'yan bindiga da ya taso a Zamfara wajen 2011, ya bazu zuwa sassan Sakkwato da Kabi, ya sa zargi ya shiga tsakanin maƙwabtan da suka shekara ɗaruruwa suna musayar nono da hatsi. Maganar da mahauci zai jefi Bafillace da ita a da, a yi dariya a rabu, yanzu sai an duba fuska sau biyu. A irin wannan hali, marubucin da ya sa ba'ar ƙabila a bakin wanda ba shi da hurumin yin ta, ya kuma kira ta wasa, ya zuba wa wuta mai ko bai sani ba. Wanda kuma ya nuna wa matasa yadda kakanninsu suka mai da tsohuwar gaba abin dariya, ya tuna musu da wani magani da ke cikin gidansu.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta ba ta da yawa. Kafin ka rubuta cewa wane ya faɗi magana cikin kaza, tsaya ka tambayi kanka mene ne tsakanin mutanen nan biyu. In jika ne da kaka, ko ɗan mace da ɗan namiji, ko Bakabe da Bakatsine, sakar musu linzami, su yi tsokana su yi ba'a, kuma kada ka sa wani ya yi fushi, domin fushi a nan shi ne abin kunya. In suruki ne, ko malami da almajirinsa, iyakarka raha, ita ma daga babba za ta gangaro. In kishiyoyi ne, ga shaguɓe ga habaici, kuma kada ka sa su dariya tare. In ka sa wani ya yi izgili, to ka san ka ɗora masa laifi, mai karatu zai jira ya ga sakamako. Sau da yawa ma in ka gina dangantakar da kyau ba ka bukatar ka ce cikin zolaya ko cikin raha, maganar da kanta za ta faɗi sunanta.

Sa'an nan ga waɗanda suka fito daga Tambuwal da Kebbe da Jabo da Dogon Daji da sauran garuruwan yankin, kada ku ji kunyar sa wargi a bakin mutanen labarinku in can suka fito. Ku zauna da tsofaffi ku tambaye su wa ke wasa da wa a garinku, kuma me ya kawo shi, ku rubuta kafin masu sanin su ƙare. Kowane gari yana da nasa abokan wasa da ba su shiga kowane littafi ba, kuma a bayan kowane wasa akwai aure ko yaƙi ko wata amana da aka ƙulla. Mu kuma da muke gyara wa wasu rubutu, in aka juyo kanmu da gyara sai mu yi haƙuri, kada a ce da mu wanzami ba ya son jarfa.

Allah ya sa mu dace, amin.